Wasiƙar da Uwarku Ta Kai Segbana

Akwai maganar da kuka tashi da ita a gidan nan, ku huɗun, kamar yadda kuka tashi da sunayenku: wai uwarku ce ta hana mu tafiya Turai a shekarar da aka ƙaddamar da shari'a, kuma da mun tafi da 'yar'uwarku Safiya ba ta rasu ba. Ba wanda ya zaunar da ku ya gaya muku. A bakin gwaggwanninku kuka tsince ta, wurin biki da wurin gaisuwa, har ta zauna muku daram. Maganar ƙarya ce, kuma ni na bar ta ta girma. Yanzu na yi ritaya, idona ya fara gardama da ƙananan rubutu, shi ya sa na tsallake labarin makarantu da na aiki na zo kan wannan tun da sauran ƙarfina. Sai dai ku yi haƙuri, ba yadda za a yi in wanke uwarku ban ratsa da ku ta cikin lissafin nan da kuka sha cewa yana sa ku ciwon kai ba.

Aikina a wancan lokaci, ban da koyar da ɗalibai a jami'a, shi ne neman iyakar wata lamba guda ɗaya. Masana ƙananan ƙwayoyin da aka gina duniya da su sun daɗe da lissafa cewa dole akwai wata ƙwaya da ke ba sauran nauyinsu, daga cikin irin da ake kira boson. Ba wanda ya taɓa ganinta a lokacin, a takarda kawai take. Abin da ya ja ni gare ta shi ne ba da sauran ƙwayoyi kaɗai take hulɗa ba, har da irinta: in biyu suka haɗu sai su tunkuɗi juna, kuma ƙarfin wannan tunkuɗar lamba ce da muke rubutawa da wani harafin Girkawa, lamda. Ba mu san girmanta ba, amma mun san ba za ta yi duk girman da ta ga dama ba. In ta yi yawa, tana ƙara kumbura duk lokacin da aka ƙara ƙarfin karon, har lissafi ya kai inda zai ce abu zai faru fiye da sau ɗari cikin ɗari, abin da ko yaron goye ya san ba ya yiwuwa. In kuma ta yi kaɗan, akwai wata ƙwaya mai nauyin tsiya da ke janyo ta ƙasa har ta wuce sifiri, sai lissafin ya ce duniyar da muke takawa ba ta zauna da gindinta ba, wata rana tana iya zamewa zuwa wani hali daban. Tsakanin wannan sama da wannan ƙasa akwai 'yar taga. Da yake nauyin ƙwayar ya dogara ne kan lambar, duk wanda ya matse tagar ya nuna wa masu gina manyan injina inda za su leƙa, ya rage musu wahalar shekaru.

Ni kuwa na matse ta, ko in ce na ɗauka na matse ta. Shekara biyu na yi a kan aikin, ba kwamfuta, sai biro da allo da tulin takardun da na yi fotokofi a duk ɗakin karatun da ƙafata ta taka. Da na gama, tagar ta dawo siririya ƙwarai, ta fi ta kowa matsewa. Na aika wa wani tsohon farfesa a Turai da na taɓa haɗuwa da shi a taro, ban sa rai sosai ba. Bayan wata uku sai ga amsa: ya karanta, abin ya ba shi sha'awa, ya samo mini gurbin shekara uku a cibiyarsu don in faɗaɗa aikin, ni da iyalina, da gida, da asibiti kyauta ga kowa a cikinmu. Layin nan na asibiti uwarku ta fara karantawa, ta sake karantawa, sannan ta zauna a bakin gado ta rufe fuska da mayafi.

Ku ƙananan ba ku san Safiya sosai ba. Shekararta shida a lokacin, tana da sikila, irin mai tsanani. Yarinya ce mai surutu da tambaya, in tana lafiya ba wanda ke samun sararin magana a gidan, in kuma ciwon ya tashi sai ta yi shiru ta dunƙule, ta ce ƙasusuwanta ake sara. Sau uku aka ƙara mata jini kafin wannan shekarar. Ni da uwarku mun san ɗakunan asibiti kamar ɗakinmu, mun san wace nas ce mai haƙuri, wace ce ba a tashinta. Ba mu taɓa faɗa wa juna da baki ba, amma dukkanmu mun sani, tafiyar nan tata ce. Ni dai sunana ne a kan takardar.

Da fasfo ya fito da biza, saura wata biyu mu tashi, sai muka taho Bagudo sallama. Wannan shekarar ba ta da irinta. Ko'ina ka juya maganar shari'a ake yi, a tasha, a bakin kogi, a shagon mai shayi, mutane na jin kamar an wanke duniya an shanya. Mu kuwa gidanmu gidan masunta ne tun kakanni, ni ne na farko da ya wuce sakandare, balle a ce Dokta. Sai ga shi an ce Turawa da kansu sun aiko suna nema na. Zaurenmu bai huta ba. Tsofaffin da suka yi su tare da mahaifina suna zuwa su kama hannuna su ce da yana raye da ya ga abin da ya shuka. Ba zan ɓoye muku ba, daɗin abin ya shige ni har ƙashi. Na fara tafiya a hankali, ina magana a hankali, kamar wanda aka naɗa.

Mutum ɗaya ce ba ta canza mini ba, Yaya Kulu, gwaggonku, wadda ta goye ni. Ita fatauciyar shinkafa ce, kowane mako tana bin hanyar Tsamiya ta ƙetara Segbana a ƙasar Benin, wadda har ta rasu Dahomi take ce mata, ta auno ta kawo kasuwar Bagudo. A shekarar kwamitin kasuwa ya kawo mudu mai hatimi, aka ce kowa da shi zai yi awo, duk wanda aka kama da mudu mai bugaggen gindi ya kuka da kansa. Wata safiya na fito tsakar gida na same ta ta baje tabarma, tana ɗibar shinkafa daga buhu tana juyewa a mudun hatimin, ɗaya bayan ɗaya, gumi na zuba. Na tsaya ina tsokanarta, na ce ai ta riga ta auna a can, me ya kai ta wahalar sake awo.

"Kai Dokta, karatun ga naka bai kai kasuwa ba," ta ce, ko ɗago kai ba ta yi ba. "Kwanon Dahomi daban, mudun shari'a daban. In na auno rabi da wanga, rabi da wancan, na zuba buhu guda, in anka tambaye ni mudu nawa na, mi za ni cewa? Sai an juye duka cikin abu guda kahin a buɗe baki."

Na yi dariya, na juya zan wuce, sai ƙafata ta tsaya. Abin da ku ba ku sani ba shi ne, mu ma a sana'armu ba kowa ke awo da mudu ɗaya ba. Wani marubucin yana rubuta lamda yadda take, wani kuma sai ya raba ta gida shida kafin ya fara, don lissafinsa ya zo da sauƙi. Duka daidai ne, muddin ka san mudun wanda kake karantawa, ka juye. Lissafina yana da layuka da yawa, kusan duka daga takardun mutane ɗaya na ɗauko tushensu. Amma akwai layi guda da ban samu a wurinsu ba, na ɗauko shi daga wata tsohuwar takarda da na yi fotokofi a gurguje, shafi uku kawai daga tsakiya, don kuɗin aljihuna bai kai in yi duka ba. Shafin farko, inda marubuci ke faɗin mudunsa, ban taɓa ganinsa ba. A tsaye a wurin, shinkafa na zuba a kunnena, na tambayi kaina da wane mudu mutumin nan ya yi awo, na ga ban sani ba.

Na shiga ɗaki na zazzage jaka. Kwana uku na yi ina fita da safe zuwa bakin kogi, in zauna ƙarƙashin wata giginya nesa da masu wanki, in yi ta bin shafukan nan uku baya-baya don in gano mudun daga yadda sauran lissafinsa ya tafi. Mutanen gari suna wucewa suna rage murya, wai Dokta yana shirin Turai. Ranar farko na gano mutumin ya raba gida shida. Rana ta biyu da ta uku na juye layin, na sake bin aikin daga sama har ƙasa, sau biyu, ina addu'ar in ga wani kuskuren da zai soke na farko. Ban gani ba. Tagar da na yi shekara biyu ina matsewa ta buɗe ta koma daidai inda kowa ya san take tun kafin in fara. Ban gano komai ba. Na auna rabi da kwanon wani gari, rabi da na wani, na kai wa Bature buhu.

Daga nan zuciyata ta rabu biyu, kuma ina so ku san yadda ɓangaren da ke cewa in yi shiru ya iya magana, don kada ku ɗauka abin mai sauƙi ne. Ya ce mini farfesan ya karanta bai gani ba, layi ne guda a cikin ɗaruruwa. Ya ce in je, in zauna, a buɗe wa Safiya fayil a asibiti, bayan shekara guda in ce na gano gyara, ai kowa yana gyara a wannan sana'ar, ba a kori kowa don ya gyara ba. Duk wannan gaskiya ne. Abin da ya hana ni sakat shi ne gurbin don wannan sakamakon aka ba ni shi, akwai wasu da suka nema aka hana su, kuma yanzu na sani. Kafin ranar kuskure ne, daga ranar kuwa duk matakin da zan taka zuwa jirgi yaudara ce. Ranar Juma'a liman ya yi huɗuba a kan masu tauye mudu, masallaci ya cika har waje, 'yan kasuwa suna sunkuyar da kai. Ni da ba na cikin masu rige-rigen sahun gaba, kuma ban taɓa sayar da ko ƙwayar gero ba, na fito rigata ta jiƙe da gumi.

Ranar Asabar na rubuta wasiƙar, shafi biyu, na nuna layin, na nuna gyaran, na ce sakamakon ya rushe. Na sa a ambulan, na rubuta adireshi, na liƙe. Har nan, in kun so, kuna iya cewa ubanku ya yi abin kirki. Daga nan ne labarin ya lalace. Na kasa kai ta gidan waya. Na ɗauke ta na fita har ƙofar gida, na jiyo muryar Safiya tana gaya wa yaran maƙwabta cewa a can ƙanƙara daga sama take zubowa, sai na dawo. Bayan azahar na samu uwarku a ɗaki tana ninke kayan da za mu tafi da su. Na rufe ƙofa na gaya mata komai, tun daga mudun Yaya Kulu. Malamar firamare ce, ba ta san lamda ba, amma ba ta buƙaci in maimaita ba. Sannan na ɗora ambulan ɗin a kan akwatinta.

"Asma'u, ga ta nan. In kin kai ta, shi ke nan. In kin ƙona ta, ba zan taɓa tambayarki ba."

Ta dubi ambulan ɗin, ta dube ni.

"Malam, kai ka yi awon, kai kag gano tauyin, kuma ni za ka aza ma kayan?"

"Ke ce uwarta," na ce.

"Kai ko mi kake gare ta? Maƙwabci?"

Na buɗe ƙofa na fita, na koma zaure inda ake ce mini Dokta. A lokacin na gaya wa kaina girmama ta na yi, na ba ta haƙƙinta na uwa. Na yi shekara da shekaru ina gaya wa kaina haka. Gaskiyar ita ce tsoro ne ya kama ni, na nemi wanda zai ɗauki alhakin ko ta wane gefe abin ya faɗi. In ta ƙona, ita ta zaɓi ƙarya. In ta kai, ita ta zaɓi abin da zai sami yarinyar. Ni na fita tsaf ta ko'ina, kuma ina jin kunyar rubuta wannan fiye da kunyar layin da na kwafa.

Kwana tara ambulan ɗin bai motsa ba, ko in ce ban gan shi ba, don ta ɗauke shi daga kan akwatin. Muna cin abinci, muna karɓar baƙi, tana dariya da matan gida, ba ta tayar mini da maganar ba. A rana ta goma, ranar da Yaya Kulu ke ƙetarawa, sai ta ce za ta bi ta ta sayo atamfa ta tsaraba. Mutanen wajenmu sun daɗe da sanin cewa wasiƙar Turai ta fi saurin isa in an jefa ta a wancan gefen iyaka, kuma lokaci ya ƙure mana. Suka tafi da sassafe, suka dawo bayan la'asar. Ta shigo ɗaki, ta ajiye ƙullin atamfa turmi ɗaya, ta cire mayafi.

"Na kai," ta ce. Sannan ta fita ta ɗora ruwan wankan Safiya.

Amsa ta same mu bayan mun koma bakin aiki. Farfesan ya yi mini kirki iyakar kirki. Ya gode, ya ce ya ji kunyar da shi ma bai gani ba, ya ce ya yi ƙoƙari a wurin masu ba da gurbin amma don wancan sakamakon suka ware shi, sun ba wanda ke bi mini. Ya ce in sake nema baɗi. Na nema baɗi, na nema shekarar da ta biyo, ban samu ba, don ba ni da wani sabon abu a hannu. Muka kwance akwatuna. Safiya ta yi kwana biyu tana tambayar ƙanƙara, sannan ta manta.

A Bagudo kuwa sai aka shiga neman dalili. Yaya Kulu ba ta karatun boko, amma idonta ba ya barin komai. Ta ga matar ƙanenta ta ratse daga kasuwa ta shiga gidan waya da ambulan mai rubutun Turawa, ta ga ta daɗe a ciki, ta ga ta fito idonta ja, bayan 'yan makonni kuma ta ji tafiya ta fasa. Ta haɗa wannan da wancan, ta ce matar Dokta ta rubuta wa Turawa a ɓoye ta ce ba ta kai 'ya'yanta ƙasar da ba a kiran salla. A wannan shekarar irin wannan magana yabo ce. Matan Islamiyya har gida suka zo yi wa uwarku barka, ana nuna ta ana cewa ga mace. Ta ce musu ba haka ba ne, suka ɗauka kunya ce. Da na je gida hutun ƙarshen shekara, Baffa Manu, ƙanen mahaifina, ya tare ni a zaure gaban mutane.

"Dokta, gaskiya na abin da muka ji? Iyalinka ta hana?"

Ga dama ta zo har gabana. Jimla biyu sun isa. Na dubi fuskokin tsofaffin nan da suka kama hannuna, na tuna zan ce musu ɗan da suke alfahari da shi ya kasa abin da Yaya Kulu ke yi a tabarma kowane mako.

"Baffa, Allah dai bai yi ba," na ce.

Suka gyaɗa kai, suka ce na iya rufa wa iyali asiri.

Bayan shekara uku Safiya ta rasu, cikin damina, tana da shekara tara. Zazzaɓi ne ya fara, ciwon ya hau kansa, ya kama ƙirjinta, kwana huɗu a asibiti. Likitoci sun yi abin da za su iya da abin da ke hannunsu. Ba zan yi dogon bayani a nan ba, har yau ba na iyawa. Muka kawo zaman makoki Bagudo. Sai maganar nan da ta kasance yabo ta juye, mutanen da suka ce ga mace su ne suka fara cewa taurin kai. Ranar uku, a tsakar gida cike da mata, Yaya Kulu tana kuka, don ta so yarinyar nan ƙwarai, ta dubi uwarku.

"Da kin bari an tahi, Asma'u. Da kin bari."

An gaya mini uwarku ta juya kawai ta dubi ƙofar zaure, inda nake zaune. Kafin magariba labarin ya iso ni. Na ce wa kaina ranar makoki ba ranar tone-tone ba ce, in an yi arba'in zan yi magana. Aka yi arba'in, aka yi shekara, Yaya Kulu ta tsufa ta rasu da wannan a ranta, ban gaya mata cewa daga bakinta na gano kuskurena ba. Kullum da na ƙara jinkiri sai maganar ta ƙara nauyi, don yanzu ba kuskuren kaɗai zan faɗa ba, har da shirun.

Shekaru da dama bayan haka aka gano ƙwayar a ɗaya daga manyan injinan nan. A ofis na ji, ɗalibai suka shigo da gudu suna yi mini murna kamar ni na gano. Nauyinta ya faɗo cikin tagar da kowa ya sani, can kusa da ƙasanta, a wurin da lissafina na farko ya ce ba za ta taɓa zama ba. Ke nan ko ba daɗe ko ba jima da an kama ni. Na so wannan ya sanyaya mini rai, bai sanyaya ba, don na ƙirga na ga wataƙila da shekarun nan uku sun daɗe da cika kafin wani ya duba layin. Ko asibitin can zai raya Safiya, ban sani ba. Na tambayi likitoci biyu, kowanne ya ce mai yiwuwa, mai yiwuwa kuma a'a, kwana in ya ƙare ya ƙare. Na yi imani da haka. Amma imani bai hana ni lissafin ba, har yau nakan tsinci kaina ina yi.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne abin da ya faru a Sallar bara. Kabiru, kai ne babba, shekararka goma sha ɗaya lokacin da aka fasa tafiyar, kai kake goya Safiya zuwa makaranta in ƙafafunta sun ƙi. Da aka gano ɗiyarka tana da sikila, uwarka ta zauna tana gaya wa matarka yadda ake gane ciwon tun kafin ya tashi, da yadda ake ɗumama ƙafa, da yawan ruwan da za a ba ta. Ka shigo ka tsaya a kansu. Ina ɗaki, ƙofa a buɗe, na ji ka da kunnena.

"Inna, don Allah ki bari. Ba ke za ki koya mana yadda ake riƙon mai sikila ba."

Ba na zarginka, abin da aka shayar da kai ka furta. Matar da ka gaya wa haka ta yi shekara tara ba ta yi barci mai nauyi ba, ta san numfashin yarinyar nan fiye da nata. Ta tashi ta shiga madafa. Ni kuma, ubanka, Dokta, mai shekara sittin da ɗoriya, na zauna da jarida a hannu ban fito ba. Ranar na ga shirun ya kai jikokina, kuma in na mutu da shi ba wanda ya rage da zai faɗa, don ita ba za ta taɓa tona ni ba.

Da na kawo nan a rubutu sai na ga bai kamata ku karanta kafin ita ba. Jiya da hantsi na same ta a inuwar ɗaki tana tsinke zogale, na jawo kujera na karanta mata tun daga farko. Ba ta katse ni ba, hannunta bai tsaya ba, sai a wurin da Safiya ke ba yara labarin Turai, nan ta ɗan dakata. Da na gama na ce ta yafe mini. Ta ce ta daɗe da yafewa, in ba haka ba da ba ta zauna ba. Sai na yi mata tambayar da ban taɓa yi ba, na ce me ya sa ta kai.

"Sau biyu na shiga layi na hita," ta ce. "Na ukku ina riƙe da ita bakin akwatin wasiƙu, wata mata ta bayana tac ce in jefa ko in ba ta wuri. Sai na jefa."

"Don gaskiya kika jefa?"

"Ban sani ba, Malam. Wata rana in ce don tsoron Allah na. Wata rana in ce don na ga yadda kake kallon ɗiyar ga kamar ka sace mata abu, na san ba ka iya shekara ukku haka. Wata rana in ce haushinka na, na so ka ga abin da ka aza mini."

Ta kakkaɓe zanenta, ta jawo wani reshen.

"Kai ka zauna bakin gulbi kwana ukku, ka gano inda ka ɓata, ka san gyaranshi. Ni nawa lissahin shekara ashirin da wani abu ina bin shi, daga sama har ƙasa. Har yau ban gano ko daidai na yi ba."

Ta miƙo mini rabin zogalen, muka ci gaba da tsinka.